"Ai Ai Sa!": Barkwancin Ƙananan Sojojin Ruwa Da Kannywood Ba Ta Taɓo Ba Tukuna

Yau ba sharhin sabon fim na kawo muku ba, ba kuma rigimar mawaƙa ba ce. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun hutun babbar sallah, na ce bari dai in zauna in rubuta ta ko na huta.

Ina da wani taubashi, ɗan kawuna na Kibiya, shekararsa ta huɗu ke nan yana aikin sojan ruwa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan kuma faɗi jirgin da yake aiki ba, in kun karanta zuwa ƙasa za ku gane dalili. Da ya zo hutu ya biyo ta Rano ya kwana biyu a wajenmu. Da daddare muna majalisa wani ya kunna fim ɗin barkwanci a waya, irin wanda kuka sani: an samo ƙato an saka masa kaki, ya zare ido yana daka wa kurtu tsawa, kurtun ya juya dama maimakon hagu, a zabga masa mari, a sa shi tsallen kwaɗo. Mu duk mun tuntsire da dariya. Shi ko mutumin naku ko gezau, gyaɗarsa kawai yake ci.

Na ce, "Kai bawana, ko an hana ku dariya ne a can?"

Ya ce, "Ubangidanka dai. Dariya kam muna yi har ciki ya ƙulle. Amma wannan da kuke kallo ba shi ne abin dariyar ba. Abin dariyar yana farawa ne bayan oga ya juya baya."

Daga nan ya ɓalle da labari har wajen ƙarfe biyu na dare. Ni kuma da ya tafi na bi diddigin wasu abubuwan da ya faɗa, na sake kallon wasu finafinai da sabon ido. Abin da na fahimta shi ne: barkwancin ƙaramin sojan ruwa ba na mari da ihu ba ne, habaici ne. Barkwancin mutumin da doka ta rufe wa baki ne, wanda amsa ɗaya tak aka bar masa, shi kuma ya koyi yadda zai zuba magana goma a cikinta.

Ba sojan ruwa a Kano? Ku tsaya tukuna

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Rano da teku. Gaskiya ne, ruwa mafi girma da yawancinmu muka taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Audu Bako. Shi kansa taubashin nawa kafin ya tafi, iyakar iyonsa kududdufin bayan gari ne da damina. Daga Kano zuwa Legas kuwa kusan kilomita dubu ne a mota.

Shi ya sa a 2021 da aka ji rundunar sojan ruwa za ta kafa sansani a Kano, Facebook da Twitter suka kama da wuta. Masu zolaya suka yi ta zana jirgin yaƙi a kan raƙumi, wasu na tambaya ko a Tiga za a ajiye jiragen. Lokacin shugaban rundunar, Awwal Zubairu Gambo, ɗan jihar Kano ne, hakan ya ƙara wa maganar gishiri. Gwamnatin Ganduje ta ba da fili hekta 100 a Dawakin Tofa, kuma abin da ke wajen yanzu kwalejin koyar da harkar kayan aiki da sufuri ce ta rundunar, ba wajen ajiye jirgi ba. Wato ko a nan cikin jiharmu akwai masu farin kaya.

Wani abin da ya ba ni mamaki ma, sunayen jiragen. Babban jirgin yaƙin da Najeriya ta daɗe tana alfahari da shi, wanda aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982, sunansa NNS Aradu. Aradu dai tamu ta Hausa, wadda ake rantsuwa da ita. An yi NNS Dorina a shekarun 1970, akwai NNS Damisa, akwai NNS Kada da ya iso a 2022. Har da NNS Kyanwa, wallahi ba wasa nake ba, daga Amurka aka samo shi. Ku yi tunanin soja ya dawo gida, yarinyar da yake nema ta tambaye shi wajen aikinsa, ya gyara murya ya ce a Kyanwa yake. Wannan kaɗai ai ya isa fitowa guda a fim.

Amsa ɗaya tak

Rundunar sojan ruwan Najeriya ta samo asali ne a 1956, kuma yawancin al'adunta gadon Ingila ne. Cikin gadon nan akwai wannan amsa: "Ai ai sa." Ba daidai take da "to" ba, ba kuma daidai take da "e" ba. Ma'anarta: na ji, na gane, zan aikata. In hafsa ya ba da umarni, ita ce amsar. Babu "amma", babu "ranka ya daɗe ai da na ga kamar". Dokar sojoji ta ɗauki ƙin bin umarni da raina na gaba a matsayin laifin da ake gurfanar da mutum a kansa, ba abin da za a ce yi haƙuri a wuce ba.

To taubashina ya ce a wajensu "ai ai sa" kala-kala ce, kuma duk wanda ya shekara a jirgi yana rarrabewa. Akwai ta gaskiya, gajera mai kaifi. Akwai wadda ake ja kaɗan, ma'anarta "zan yi, amma ka sani ba zai yi aiki ba". Akwai wadda ake yi da ƙarfi fiye da kima, ido a sama, ƙirji a waje, ita ce mafi haɗari, ma'anarta "zan yi daidai yadda ka faɗa, harafi da harafi, Allah ya ba ka sa'a". Ya kwaikwaya mana su ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ba ta motsa ba ko kaɗan, mu kuwa har da masu faɗowa daga benci.

Ya ba mu misalin ta ukun. Wani ƙaramin hafsa sabon zuwa ya ga tsatsa a jikin wani ƙarfe, ya kira wani yaro ya ce ya shafe komai da ke wannan lungu da fenti, komai da komai, kar ya bar ko ɗigo. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, hafsan ya ce ba tambayarsa ya yi ba. Yaro ya ƙame: "Ai ai sa!" A lungun nan kuwa akwai bokitin hafsan da takalmin wankansa da ya ajiye. Da la'asar ya dawo ya tarar da su sun koma ruwan toka, sun bushe tsaf, an jera su gwanin sha'awa. Me zai ce? Umarninsa aka bi. Ko an ƙara wa labarin gishiri, wannan tsakaninsa da Allah, taubashi ne. Amma ku lura da yadda dariyar take: ba wanda ya yi rashin kunya, ba wanda ya ɗaga murya. Biyayyar ce da kanta ta zama makami.

Suna ma da wata magana da suke gaya wa sababbi: abin da ka ga yana motsi ka sara masa, wanda ba ya motsi ka shafa masa fenti. Dalili kuwa, ruwan gishiri cin ƙarfe yake ba dare ba rana, don haka rabin rayuwar ƙaramin sojan ruwa kankare tsatsa ne da shafa fenti. Inna, mahaifiyarsa, tana can Kibiya tana gaya wa maƙwabta ɗanta na yaƙi da 'yan fashin teku. Ya ce shi dai abokin gabar da ya fi sani tsatsa ce, kuma har yau ita ke cin nasara.

A nan ne na ga abin ya yi kama da namu. Ku tuna waƙoƙin niƙa da na daka da iyayenmu mata suke yi. Matar da ba ta isa ta kalli uwar miji ko maigida ta faɗa musu magana ba, sai ta durƙusa a kan dutsen niƙa ta rera abinta, ba ta kama suna ba, kowa kuma ya san inda aka dosa. In an tanka ta ce ita waƙa take yi. Mai habaici bai karya doka ba, bai kuma haɗiye maganarsa ba. Ƙaramin sojan ruwa ma haka: jirgi gida ne da ba ƙofar fita, in ranka ya ɓaci ba inda za ka je ka sha iska, mutumin da ya ɓata maka rai da shi za ka kwana da shi za ka tashi, wata ƙila mako biyu ko uku ba ku ga ƙasa ba. In ba a samu hanyar fitar da hayaƙin ba, tukunya fashewa za ta yi.

Mutum uku ne, ba biyu ba

Kuskuren da finafinanmu suke yi shi ne su ɗauka wasan na mutum biyu ne, oga da yaro. A jirgi mutum uku ne.

Akwai hafsoshi, waɗanda da yawansu ta makarantar NDA ta Kaduna suka biyo. Akwai ƙananan ma'aikata, irin su taubashina, waɗanda ake yi wa horon farko a Onne ta jihar Ribas. Sai kuma na tsakiya: tsofaffin hannu, waɗanda suka fara daga ƙasa suka hau har matsayin da ya yi daidai da saje ko samanja a sojan ƙasa. Su ake kira feti ofisa da waran ofisa. Mutum ne da ya yi shekara ashirin yana shan ruwan gishiri, ya san kowane ƙusa na jirgin, ya san kukan injin in yana lafiya da in ba ya lafiya. Sai ga yaro ɗan shekara ashirin da uku ya sauko daga makaranta da igiyarsa ɗaya a kafaɗa, kuma a doka wannan dattijo shi zai sara wa yaron ya ce masa "sa".

Nan dariyar take kwance. Dattijon ba zai taɓa cewa "ka yi kuskure" ba. Cewa zai yi, "Sa, shawara ce mai kyau. Wancan hafsan da ya gwada ta ma haka ya ce." Sai ya yi shiru. Hafsa mai hankali a nan zai tsaya ya tambaya me ya faru da wancan ɗin. Marar hankali kuwa sai ya ce a ci gaba, su kuma yara na gefe suna cizon leɓe. Mu da muka tashi a garin sarauta ai mun san wannan. Yaro ya gaji sarautar gidansu, amma tsohon bafaden da ya yi wa kakansa hidima shi ya san inda aka binne komai. Zai faɗi ya yi gaisuwa, ya ce "Allah ya ja zamaninka", sannan cikin ladabi ya juya shi kamar waina.

Shi ƙaramin soja kuwa, in ji taubashina, ba kyaftin yake tsoro ba. Kyaftin kamar hadari ne na nesa, sai jefi-jefi kake ganinsa. Wanda ke hana shi barci shi ne na tsakiyan nan, don shi ke raba aiki, shi ke rubuta sunan mai gadin dare, shi ya san wanda ya makara minti biyu.

Bari in ɗan ratse, don masu shirya fim da ke leƙowa nan. Kyaftin na ruwa ba kyaftin na ƙasa ba ne. Kyaftin a sojan ruwa daidai yake da Kanar a sojan ƙasa, shi kuma Laftanar na ruwa shi ne daidai da Kyaftin na ƙasa. Sama da Kyaftin sai Kwamado, sannan manyan da ake kira Admiral. Kuma duk wanda ke riƙe da jirgi, ko muƙaminsa bai kai ba, a cikin jirgin kyaftin ake ce masa. Sara wa na gaba ma ta bambanta: sojan ƙasa tafin hannunsa na kallon gaba, na ruwa tafinsa na kallon ƙasa. Labarin da ake bayarwa shi ne wai a zamanin jiragen katako hannun matuƙa kullum cikin kwalta yake, sai aka ga bai dace a nuna wa babba dattin hannu ba. In kun saka wa jarumi farin kaya ya sara irin ta sojan ƙasa, duk wanda ya san aikin zai gane ba ku yi bincike ba.

Kurtu da man fitila

Kafin yaro ya kai ga iya habaici, sai an fara yi da shi. Wannan kam ko'ina haka ne, ko gareji ka shiga koyon aiki sai an aike ka sayo abin da babu shi a duniya.

A jirgi, fitilar gefen dama koriya ce, ta gefen hagu ja, don jirgin da ke tahowa da dare ya gane inda ka fuskanta. To tsohuwar zolaya ce a jiragen duniya a aiki sabon yaro ya karɓo "koren mai" na fitilar dama. Zai je wajen mai kula da kaya, shi kuma ba zai yi dariya ba, zai ce ai ya ƙare, sai dai ja, amma ya gwada ɗakin inji. Na ɗakin inji su tura shi wajen kuku. Kuku ya tura shi wajen likita. Haka zai zagaye jirgin kaf da gwangwani a hannu. Taubashina ya rantse shi ba a yi masa ba, amma yadda ya san jerin ofisoshin dalla-dalla ya sa ban yarda ba. Abin da ya ce dai, kuma na ga gaskiyarsa, yaron da aka yi wa haka a yini ɗaya ya san kowane lungu na jirgin da sunan kowa, abin da lacca ba za ta koya masa a mako guda ba.

Sai yarensu. Ko a bariki suke a kan tudu, nesa da ruwa, magana suke kamar suna tsakiyar teku, don sansanoninsu ma sunan jirgi gare su: NNS Beecroft a Apapa, NNS Pathfinder a Fatakwal, NNS Lugard a Lakwaja, duk gine-gine ne a ƙasa. Daɓen ɗaki "dek" ne, kicin "gali", banɗaki "hed". In mutum zai fita gari ya sayo kati, cewa zai yi zai sauka gaɓa. Ranar da ya kwana gidanmu ya tambayi ƙanwata ina "hed", yarinya ta kawo masa hula.

Ga kuma jirin teku, wanda shi ne kaɗai abin da ba ya duba igiyar kafaɗa. Ya ce ranar farko da suka fita ruwa ya yi amai har ya fara karanto wasiyya a zuci. Amma abin da yaran jirgi suka fi jira shi ne ranar da teku ta tashi, hafsan da ya fi kowa zafi ya koma kore, ya riƙe ƙarfe yana ƙoƙarin ba da umarni da baki a rufe. Ba mai dariya. Kowa ya ɗaure fuska. Sai dai a ranar, in ji shi, za ka ga yara sun cika da ladabi na ban mamaki, kowa na zuwa yana tambayar oga ko a kawo masa abinci, yau kifi ne da manja.

Ranar da ake juya tabarma

Masu tsara aikin ruwa tun da can sun san dole a bar wa yara ƙofa. Shi ya sa a rundunoni da yawa na duniya akwai wasan da ake yi ranar da jirgi ya tsallaka layin da ya raba duniya biyu, wato ikwaita. A ranar, wanda ya taɓa tsallakawa shi ne babba, wanda bai taɓa ba shi ne ƙarami, ko da hafsa ne. Sai a naɗa wani tsohon matuƙi sarkin wasa, a kafa kotun wasa, a karanto wa mutum laifukansa na ban dariya, a tsoma shi a ruwa. Layin nan kuwa bai yi wa gaɓar Najeriya nisa ba, ta wajen tsibirin Sao Tome ya ratsa. Washegari kowa ya koma matsayinsa kamar ba a yi ba.

Da na karanta wannan sai na tuna wasan gauta, inda matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa, da kalankuwa da samarin ƙauye suke yi bayan kaka su naɗa nasu gwamna da alƙali, da tashe da muke yi da azumi. Har ma da ni da shi wannan taubashin nawa: ya girme ni da shekara uku, yana da albashi ni ba ni da shi, amma al'ada ta ba ni lasisin in kira shi bawana a gaban kowa. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa girma in ba a ɗan taɓa shi da wasa lokaci-lokaci, tsami yake yi.

Finafinan da suka gane abin

In kuna son ganin yadda ake wannan wasa a fim, ku nemi Mister Roberts na 1955. Tsoho ne, na sani, amma ku daure. Jirgin dakon kaya ne na sojan ruwan Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, suna can inda ba a yaƙi, zafi da zaman banza sun ishe su. Kyaftin ɗin, James Cagney, mugu ne, kuma yana da wata 'yar bishiya a bokiti da aka ba shi kyautar yabo, yana ji da ita fiye da mutanen jirgin. Duk ƙiyayyar da yara ke yi masa sai ta koma kan bishiyar nan. Ba mai iya taɓa kyaftin, amma bishiya fa? Henry Fonda ne hafsan da ke tsayawa tsakanin yara da kyaftin. Jack Lemmon kuma ƙaramin hafsa ne matsoraci da ya fi shekara a jirgin yana ɓuya, har kyaftin bai san da shi ba, kullum yana shirya yadda zai rama amma ba ya iyawa. Da wannan rawar ya ci Oscar. Ba zan ɓata muku ƙarshen ba, ku dai sa ido a kan bishiyar.

Down Periscope na 1996 ya fi sauƙin kallo, shirme ne zalla: an ba Kelsey Grammer tsohon jirgin ƙarƙashin ruwa mai tsatsa da tarkacen ma'aikatan da kowa ya ƙi, don a kunyata shi. Masu son Indiya kuma, The Ghazi Attack na 2017 ba barkwanci ba ne, amma ku kalli yadda Rana Daggubati yake ja da Kay Kay Menon a kan umarni, ƙarami da babba a cikin ƙarfen da ba ƙofar fita. Irin wannan matsin shi ne ƙasar da barkwancin ke tsirowa a kai.

Mu a nan, wanda nake ganin da zai iya wannan rawar ba tare da an koya masa ba shi ne marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a Disambar 2014. Kafin fim ya yi aikin gandiroba, ya san fareti, ya san yadda ake ƙamewa a gaban oga. Kuma in kun lura, inda ya fi kashe mutane da dariya ba wajen ihu ba ne, wajen da yake nuna shi mai biyayya ne, yana "to ranka ya daɗe" alhali idonsa na faɗin wani abu daban. Ni dai har yau ban ci karo da fim ɗin Kannywood da aka gina a kan ƙaramin sojan ruwa ba, kuma ba tsadar jirgi ce matsalar ba. Ɗakin kwana mai gado hawa-hawa, kicin, lungu ɗaya da bokitin fenti sun isa. Labarin yaron Kibiya da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce Tiga ba, ga tsohon feti ofisa, ga sabon hafsa ɗan gayu. Sai dai a nemi izini tukuna, don hukumomin soja sun sha gargaɗi a kan saka kakinsu ba da izini ba.

Inda wasan yake ƙarewa

Yanzu ga dalilin da ya sa na ɓoye sunansa. Taubashin nan nawa tun muna sakandare shi ne mai ba aji dariya. Muryar kowane malami yana iya ta. A daren nan na ce masa, "Wallahi da za ka riƙa ɗora irin wannan a TikTok, wata uku ka yi suna." Sai ya daina dariya, ya ce in je in karanta labarin Cute Abiola.

Da yawanku kun san shi, mai barkwancin nan na Instagram da ake kira Lawyer Kunle, sunansa na gaskiya Abdulgafar Ahmad. Abin da wasu ba su sani ba, ƙaramin sojan ruwa ne a lokacin da ya yi suna. A Nuwambar 2021 aka wayi gari iyalinsa da lauyansa suna cigiyarsa, ya tafi wajen aiki bai dawo ba. Rundunar ta fito ta ce yana hannunta, ana tuhumarsa da karya ƙa'idar amfani da soshiyal midiya ta sojoji da ƙin bin umarni. Bayan 'yan makonni aka sake shi, da hukuncin ƙarin aiki na wata guda. A 2022 ya bar aikin, gwamnan Kwara AbdulRahman AbdulRazaq ya ba shi muƙamin mataimaki na musamman a kan harkar masu fasaha.

Shi ya faɗa a kan katifa, don yana da miliyoyin mabiya kafin abin ya faru. Taubashina ya ce shi in aka kore shi, a kan me zai faɗa? Albashinsa ne ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa biyu, shi ya sayi takin da kawu ya zuba a gona bana. Habaicin jirgi yana da rai ne saboda a jirgi yake tsayawa: ba a kama suna, ba a ɗauka a waya, in oga ya shigo kowa ya ƙame. Ranar da ka ɗora shi a intanet da kaki a jikinka, ya tashi daga habaici ya koma takardar tuhuma, kuma da hannunka ka rubuta ta.

Ni a raina ban ji daɗin hakan ba, don ina ganin baiwa ce ake binnewa a ɗakin inji. Amma kuma na gane ba ni ke da ƙanne a makaranta ba. Mun yi yarjejeniya: shi zai riƙa ba ni labari in ya zo hutu, ni in rubuta, in Allah ya sa wata rana wani furodusa ya karɓa, a raba kuɗin biyu. Ya ce kashi saba'in nasa. Na ce ai bawa ba ya gado.

Da safe da zai wuce Kibiya na roƙe shi ya saka farin kayan nan ko sau ɗaya in ɗauke shi hoto, don Inna ta daɗe tana so ta rataye a ɗaki. Ya kalli jar ƙasar ƙofar gidanmu, ya kalli babur ɗin da zai hau, ya ce in na yarda zan wanke in goge kafin ranar Litinin, kuma in tsaya a gaban feti ofisansu in yi bayanin kowane ɗigo, to ya saka. Na ƙame na ce masa, "Ai ai sa." Ya ce wannan ta biyun ce, wadda ake ja, ya ji ta sarai.